Bindigar Surukina

Shekara tara ina auren ɗansa, ban taɓa kallon surukina ido cikin ido ba. Haka aka rene mu a Maradi, kuma ban taɓa ganin laifin abin ba. In zan gaishe shi, sai na ja mayafi na durƙusa daga nesa, murya ƙasa-ƙasa. Ba na cin abinci inda yake, ba na kiran sunansa, ko mai suna irin nasa na haɗu da shi a wurin aiki sai na ƙirƙiro masa laƙabi. In ina da magana da shi, mijina nake faɗa wa, shi ya kai. Yawancin shekarun nan abin bai yi mini nauyi ba, don Baba yana ƙauyensu arewa da Maradi, mu kuma muna Lyon, a wani ɗan gida hawa na huɗu a unguwar La Guillotière. Kunya ta waya mai sauƙi ce, ka gaisar ka miƙa wa mai waya kayansa.

Sai gwiwa ta matsa masa, 'ya'yansa suka kawo shi Faransa aka yi masa aiki. Ya sauka a Paris wurin babban ɗansa, wanda duk muke kira Yaya, a unguwar La Goutte d'Or, hawa na biyar. Wata biyar ya yi a can, daga gado sai kujerar bakin taga. Mutumin da duk rayuwarsa maharbi ne, wanda in kububuwa ta shiga ƙarƙashin rumbu shi ake aika a kira ko yana tsakiyar cin tuwo, ga shi ya koma kallon tantabaru ta gilashi. Matar Yaya ta ce mini wani lokaci sai ya ɗaga sandarsa ya auna su, ya sauke, ya yi tsaki. Na tausaya masa ƙwarai. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada wani ya ɗauka ban san darajarsa ba.

A shekarar ne mijina da Yaya suka haɗa hannu suka sayi wani tsohon gidan manoma a tsaunukan yamma da Lyon, tafiyar awa guda a mota. Gida ne na dutse tun daga tushe har sama. Tsakar gidan ma shimfiɗaɗɗun duwatsu ne, katangar da ta zagaye shi dutse kan dutse, ba ko siminti. Da hutun Agusta ya zo muka tattara can, mu uku da ɗiyarmu mai shekara biyar, Yaya kuma ya ɗauko Baba a jirgin ƙasa don ya sha iska.

Kwana na uku mijina ya hau ƙarƙashin rufi neman inda ruwa ke yoyo. Ya sauko ba labarin yoyo, sai wani dogon abu naɗe cikin buhu da ƙaramin akwatin ƙarfe. Bindiga ce mai baki biyu, ta tsohon mai gidan, akwatin kuma cike da harsasai. Da ma ya bar ta inda ya gan ta!

Baba ya miƙa hannu biyu ya karɓe ta yadda ake karɓar jariri ranar suna. Tun zuwansa ƙasar ban ji dariyarsa ba sai ran nan. Ya sa aka ba shi tsumma da man keken ɗinki, ya zauna ƙarƙashin wata bishiyar goro irin ta Turawa da ke tsakar gidan, ya wuni yana goge ta, yana karya ta yana rufewa, yana leƙa cikin bakinta ta hasken rana. Yaya ya ce, “Kun gani? Maganin da likitocin Paris suka kasa.” Kowa ya yi dariya, har ni daga cikin madafa.

Dariyata ta tsaya da la'asar, lokacin da na ga ya ɗura mata harsashi biyu, ya rufe, ya jingine ta a lungun bayan ƙofar madafa. Lungun nan ne ɗiyata ke ajiye takalmanta da ƙwallonta.

Na ja mijina gefe na ce ya gaya wa Baba a cire harsasan, a kulle bindigar inda yarinya ba za ta kai ba. Mijina mutumin kirki ne, amma in ka ba shi saƙo mai zafi zuwa wurin mahaifinsa, sai ya yi ta hura shi a hanya har ya isa da sanyi ƙarara. Ban san me ya faɗa ba. Na dai san abin da ya dawo da shi. Wai Baba ya ce wurin nan akwai macizai, ya ga saɓarsu a gindin katanga, kuma maciji ba ya jiran mutum ya je neman makulli. Wai ya tsawata wa yarinyar, ba za ta taɓa ba. Wai kuma in kwantar da hankalina, maciji ƙasa ake harbin sa, bakin bindiga na kallon ƙasa, ƙasa kuma na shanye duk abin da ya rage. Shekara hamsin yana haka, ko kaza bai taɓa ji wa ciwo ba.

Na ce, “Shi ke nan amsar?”

Ya ce, “Ki yi haƙuri, kwana goma ne. Ba ki ga yadda ya warware ba?”

Na gani. Shi ya sa na yi shiru, kuma shirun nan har yau yana ci mini rai. Abin da na iya yi kawai na kwashe takalman yarinyar na mayar ɗaki, na riƙa zagaye lungun da ido kamar mai tsaron tukunya a kan wuta. Kwana huɗu muka yi a haka.

Rana ta biyar da hantsi na aiki ɗiyata lambun bayan gida ta tsinko mini tumatir a wani kwanon silba. Ina tsaye ina soya albasa, bayana na ga ƙofa. Abin da ya faru a waje daga baya na haɗa shi. Baba ya hango maciji yana shan rana a kan duwatsun gindin katanga, irin gajeren nan mai dafi na ƙasarsu, mai kama da kububuwarmu. Ya dogara sandarsa ya zo ya ɗauki bindigar ba tare da na ji ba. Ya ci karo da yarinyar tana dawowa, ya kama kafaɗarta ya tsayar da ita a bakin ƙofa, ya ce kar ta motsa. Ya shiga gabanta, ya ba ta baya, ya taka 'yan taku. A saninsa, ya ajiye ta a wurin da ya fi ko'ina aminci a gidan. Sannan ya sunkuyar da bakin bindigar ƙasa ya harba.

Ƙara biyu na ji a tare. Ɗaya ta girgiza tagogi, ɗaya kuma ƙarama ce, ƙwal, irin ta cokali a jikin kwano. Na juyo na ga ɗiyata tsaye a bakin ƙofa, ba kuka ba motsi, tumatir na gangarawa ta tsakanin ƙafafunta, gaban rigarta ja jawur.

Ban san yadda na isa wurinta ba. Na fizge rigar har maɓallai suka watse, na shafa ƙirjinta, cikinta, wuyanta, na buɗe kitsonta layi-layi. Ba komai. Tumatir ne ya fashe. Sai a lokacin ta fasa kuka, ni kuma na zauna dirshan a kan dutse.

Kwanon na gefena. Ya lotsa wuri biyu, kowane kamar an danna da kan ƙusa. Na ɗaga kai, sai na ga sabon rami a katakon jikin ƙofa, fari tas a cikin tsohon fenti, da 'yar ƙwayar dalma a maƙale ciki. Na miƙe na tsayar da yarinyar inda take ɗazu, na gwada. Daidai tsayin idonta. Tsakaninsu yatsa uku nawa.

Baba bai yi ƙarya ba, ƙasa ya harba. Sai dai ƙasar da ya sani rairayi ce, ka zuba mata dalma ta haɗiye ta yi shiru. Ta nan dutse ce. Abin da ka jefa mata shi take jefo maka, kuma ba ruwanta da wanda ke gaba da wanda ke baya.

Maza suka fito a guje. Yaya ya ga yarinya lafiya, ya ga maciji ya rabu biyu, sai ya ɗauko shi a kan kara yana dariyar wanda hantarsa ta kaɗa ta dawo. “Baba, hannu na nan! Wallahi hannu na nan!” Maciji kuwa duka-duka bai wuce kamu ɗaya ba. Mijina ya rungume yarinyar yana ta maimaita mini, “Ça va, ça va, ba abin da ya same ta. Allah ya tsare.”

Ta gefen ido na ga Baba ya dubi kwanon, ya dubi katakon. Ya gani, na rantse ya gani, don ya daɗe yana kallo. Da a nan ya tsaya, da har gobe ni ce mai durƙuso daga nesa. Amma sai ya karya bindigar, ya zare kwankon da ya harba, ya laluba aljihu ya saka sabon harsashi, ya rufe ta ƙaras. Ya ce wa 'ya'yansa, “Irin su ba su tahiya su kaɗai. Matar na nan kusa, yau ko gobe ta hito.” Ya juyo ya nufi lungun bayan ƙofa.

Na miƙe na tsaya a bakin ƙofar. Ba mayafi a kaina, ya faɗi tun ɗazu, ban kuma neme shi ba.

Na ce, “Baba.”

Kowa ya juyo. Ko yarinyar ta daina kuka.

“Baba, ku buɗe ta ku hidda harsasan.”

Na ɗaga kai na kalle shi. Ran nan na san launin idanunsa, ashe ba baƙaƙe ba ne, masu ruwan zuma ne irin na ɗiyata sak. Shi bai kalle ni ba. Ɗansa ya duba ya ce, “Matarka da wa take magana?”

Na ce, “Da ku nike, Baba. Bindigar ga ba ta sake shiga ɗakin ga da ɗuri. Ku gahwarce ni, amma ba ta shiga.”

Yaya ya daka mini tsawa. Mijina ya kira ni a hankali yana roƙo da ido. Na yi kamar ba da ni suke ba. Da za a kawo tarakta ba za ta kawar da ni daga ƙofar nan ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye ba. Albasata dai ta ƙone ƙurmus, hayaƙi na fitowa ta bayana.

Daga ƙarshe ya karya bindigar. Ya zare harsasan biyu. Na miƙa hannu, bai ba ni ba, ya sake su suka faɗi kan dutse. Ya sunkuya da gwiwar nan tasa mai ciwo ya kwantar da bindigar a ƙasa, ya ɗauki sandarsa ya koma ƙarƙashin bishiya ya ba mu baya. Na kwashe komai, har akwatin ƙarfen, na kulle a bayan mota, na ɗaure makullin a bakin zanena.

Da azahar Yaya ya same ni da muryar sulhu. Ya ce in bari tsoho ya huce, gobe a mayar masa da abarsa ba ɗuri, ya riƙa gogewa kawai. Na dube shi. Na san gidan da na yi aure. Yau ba ɗuri, jibi a ga wata saɓa a gindin katanga, a ce harsashi ɗaya tak, kuma ba wanda zai iya buɗe baki ya ce a'a, ni kuwa na riga na kashe tawa damar. Sai na shiga ɗaki na kira jandarmomin garin da ke kusa, na ce mun tsinci tsohuwar bindiga a rufin gidan da muka saya, ba ma son ta. Ban ƙara ko kalma a kan haka ba. Suka ce kar in ɗauko ta, za su zo.

Da la'asar suka iso su biyu, mace da namiji, da ladabinsu. Suka duba ta, suka rubuta, suka ba ni takarda, suka ɗauke. Macen har ta gaishe da Baba, ta ce masa bonjour. Yana zaune a ƙarƙashin bishiya yana kallo masu kaki suka fita da bindigar da ya wuni huɗu yana gogewa, kuma surukarsa ce ta kira su. Washegari ya ce a mayar da shi Paris.

Sati biyu bayan haka aka kira mu. Mun bar yarinyar wurin maƙwabciya muka hau jirgin ƙasa da safe ran Lahadi. Tun daga Lyon har Paris mijina na koya mini karatu. In ce na yi kuskure, shi ke nan, kalma uku, ba wanda zai tambaye ni wane kuskure. Na ce masa to, shi da ya iya, me ya hana shi faɗin kalma uku ran da na aike shi? Na ji zafin abin da na faɗa masa, amma ban janye ba.

Falon Yaya ƙarami ne, hayaniyar kasuwa na hawowa ta taga. Baba na kan kujera, ƙafarsa miƙe. Gefensa wani dattijon malami ɗan Damagaram da jama'armu na Paris ke kira in magana ta ƙi ci. Na ja mayafi na durƙusa daga bakin ƙofa yadda na saba, na yi gaisuwa doguwa. Malam ne kaɗai ya amsa.

Malam ya yi nasiha mai daɗi, ba zagi ba gori. Ya ce uwa in ta ga ɗanta cikin haɗari ba a kama ta da laifin abin da bakinta ya faɗa. Ya ce yanzu sai in ba Alhaji haƙuri a wuce wurin.

Na ce na ɗaga murya gaban Baba, ina neman gafara. Na tsaya gabansa kai ba lulluɓi, ina neman gafara. Na jawo baƙi masu kaki suka shigo inda yake, ya ji kunya a ƙasar da ba tasa ba, wannan ya fi kowanne yi mini ciwo, ina neman gafara. Duk da gaske nake, hawaye nake yi.

Yaya ya ce, “Bindigar hwa?”

Na ce, “Ita ban yi kuskure ba, Yaya.”

Na buɗe jakata na fito da kwanon silban, na tura shi kan darduma har tsakiyar falo. Ba wanda ya san na taho da shi, har mijina. Malam ya ɗauka ya juya, ya miƙa wa Baba. Baba ya sa babban yatsa cikin lotsawar, ya daɗe yana murzawa. Sannan ya yi magana, ba da kowa ba.

“Shekara hamsin ina halbi ƙasa. Rairai bai taɓa maido mini ko ƙwaya guda ba.”

Na ji mijina ya sauke numfashi. Malam ya ce alhamdu lillahi. Baba ya ajiye kwanon ya ci gaba, yana duban Malam. “Ku hwaɗa mata na yahe. Amma ta sani, da ta bar ni, ni da kaina zan aje ta ran nan. Ba sai an kira mini jandarma ba.”

Ga ƙofa a buɗe. Abin da ya rage mini kawai in ce na gode, in sunkuyar da kai, a shafa fatiha a kawo shayi. Matar Yaya har ta miƙe za ta ɗora ruwa. Na san da haka sarai. Amma in na ce na gode, to na yarda ke nan cewa gaggawa na yi, cewa yarinyata ba ta cikin haɗari da yammacin ran nan, kuma haka za a riƙa ba da labarin a gidan har ita ma ta girma ta ji shi a haka.

Na ce, “Baba, kun sake ɗura ta. Kun ga ramin, kuma kuka sake ɗura ta.”

Ba wanda ya tsawata mini wannan karon. Baba ya juya fuskarsa ga taga. Malam ya yi ta gyaran murya, ya rasa ta inda zai kama. Ba a sha shayin ba. A jirgin komawa mijina ya riƙe hannuna tun daga Paris har Lyon, bai ce na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba.

Yau shekara uku ke nan. Baba ya koma gida, gwiwa ta warke, an ce har gona yana zuwa. Tun ran nan bai sake amsa gaisuwata ba. Dangin mijina sun raba kansu, wasu na ce mini mai taurin kai, wasu mata kuma in mun keɓe sai su matse mini hannu su yi shiru. Mijina kan ce har yanzu kalma ɗaya za ta gyara komai. Na san kalmar, in ce na yi kuskure, kuma ba zan faɗe ta ba. Abin na damuna, ba zan ɓoye ba. Ina son tsohon nan, kuma ina tsoron ranar da za a kira mu a ce ya rasu bai amsa mini ba.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci muna kiran sa ta wayar da ake ganin juna. Ni nake fara gaisuwa, cikakkiya, da mayafina, in tambayi gwiwa, in tambayi gona, in tambayi mutanen gida. Sai ya yi shiru har in gama, sannan ya ce ina jikanyarsa. Juma'ar da ta wuce ta zo a guje da kayan makaranta a jikinta, tana ba shi labari rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ce idonsa ya fara rauni, ta matso kusa ya ga fuskarta da kyau. Ta matso. Ni na riƙe musu wayar har suka gama.